Dokar Taga

Litinin, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Ba a rushe ƙungiyar ba. Shi na fara rubutawa, don shi na kwana takwas ina jiran ji. Walƙiya tana nan, za ta buga kaka mai zuwa, ni Maliki kuma ina nan a matsayina na mai zaɓo 'yan wasa. Da Shugaba ya faɗa a ofis na ji kamar in tashi in rungume shi, sai na tuna ba irin mutanen da ake runguma ba ne.

Abin da ya faru waccan Lahadin ba zan rubuta ba. Wanda yake fili ya gani, wanda ba ya nan ya ji a rediyo. Da maki ɗaya muka tsira daga faɗawa rukunin ƙasa, shi ma ba da ƙafarmu ba, wasu bayin Allah ne aka lallasa a wani gari. An sa wa bas sabon gilashi, an cire wa Shehu direba ɗinkin goshinsa. Magana ta ƙare.

An kawo sabon koci, Gambo, mutumin Zariya, siriri, ba ya dariya sai da dalili. Sharaɗinsa ɗaya ne: a rushe a sake gini. Cikin 'yan wasanmu ashirin da takwas, bakwai ko takwas zai riƙe, a nemo sababbi, ranar ɗaya ga Agusta a kai wa hukuma sunaye ashirin da biyar. Ni da shi za mu zaɓa. Wallahi har jikina ya fara tsuma, rabon da in ji haka tun ina buga lamba goma.

Ubaidu yana cikin ashirin da takwas ɗin. Ƙanin matata Rakiya ne. Ni na je har Malali shekara biyar da suka wuce, na durƙusa gaban Baba, mahaifinsu, na roƙa a bar shi ya jingine karatun safiyo, wato awon filaye, da yake yi a Poli ya zo ya buga mana. Yaron da ƙafarsa ta hagu take magana, wa zai sallame shi? Ban damu ba.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Koci ya zo atisaye da tef ɗin tela rataye a wuya. Ya jera yaran a jikin bango yana auna su ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce kayan Sallah zai ɗinka musu. Mafi tsayinmu Nazifi ne, mai tsaron gida, shi ma da Koci ya tsaya kusa da shi sai na ga kafaɗarsu ɗaya. Daga nan ya ce duk wanda ya san asalinsa lamba goma yake bugawa ya ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya na ƙirga, har da 'yan bayanmu biyu. Yara suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, Koci ya rubuta a littafinsa.

Ya ce, “Malam Maliki, a ina kake tantance su?”

Na ce gobe zan kai shi ya gane wa idonsa. Ina alfahari da wurin nan.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan azahar

Na kai shi. Filin wata firamare ne a Kurmin Mashi, yashi zalla, faɗinsa taku arba'in tsakanin ginin azuzuwa da kwata. A nan na koyi ƙwallo, a nan kuma nake tantance 'yan wasa duk shekara tun da aka kafa Walƙiya. Yaro ɗari biyu su taru, in zauna a gindin mangwaro da usur ɗina in tsince gwanaye. A matsatsin nan ba wurin ɓuya, wanda bai iya yanka ba minti biyu ya ishe shi ya tona asirin kansa.

Koci ya dubi tagogin azuzuwan ya ce yaya aka yi ba mu farfasa su ba. Sai na ba shi labarin dokar taga, baki har kunne, don ni na ƙirƙiro ta. Shekarar farko wani ƙato ya ɗaga ƙwallo ya tarwatsa gilashin aji shida, hedimasta ya rantse in aka kuma zai kulle mana ƙofa. Tun daga ranar na kafa doka: duk wanda ƙwallonsa ta wuce tsayin taga, ya ɗauki takalminsa ya kama hanyar gida, ko ɗan wane ne.

Ya ce, “Shekara nawa ana haka?”

“Shida.”

“Wato shekara shida ba ka ga yaro ya sa wa ƙwallo kai ba kafin ka ɗauke shi.”

Ya ci gaba.

“Mai tsaron gida bai taɓa fitowa ya cafke bugun kwana a gabanka ba. Mai dogon bugu kuwa da kanka kake korar sa.”

Ya buɗe littafinsa ya nuna mini. Ƙwallo arba'in da ɗaya aka zura mana a kakar da ta wuce, ashirin da shida da ka aka ci su. Biyun waccan Lahadin wani dogo ne ya ci, Anas, mai lamba tara. Koci ya ce yaron ya gaya masa a Unguwar Shanu aka haife shi, unguwarmu ke nan, kuma wani mai usur ya taɓa korar sa daga wani filin firamare. Na tuna shi sarai. Minti huɗu ya yi.

Abin mamaki, haushin sai daga baya ya zo. Da farko daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe yana fama da ciwo yau likita ya gaya masa sunansa. Ashe ba asiri aka yi mana ba, ba kuma alƙalan wasa ba ne kamar yadda muka shekara muna zaginsu. Taga ce, taga kuwa ana iya barin ta inda take.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Idona bai taɓa yaudarata ba. Abin da aka nuna masa ya gani, sama ce kawai ba a nuna masa ba. Haka na faɗa wa Rakiya. Ta ce, “To,” ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan magariba

Yau mun yi tantancewa a babban fili, mai ciyawa, mai tsawo, da rana tsaka kamar yadda ake buga wasan gaske. Sun fi ɗari uku. Daga Kawo, daga Rigasa, daga Mando, wasu har daga Zariya da Kafanchan. Ban taɓa sanin garin nan yana da dogaye haka ba, ina suka ɓuya shekara shida? Koci ya ce ba ɓuya suka yi ba, labarin taga ne ya zaga unguwanni suka daina zuwa.

Ya sa mutum biyu a gefe suna ta ɗago ƙwallo cikin gida, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, ba tsayawa. Wuyana har ciwo yake don kallon sama. Na ga wani yaro ya buga ƙwallo daga tsakiyar fili ta sauka a ƙirjin abokinsa can kusa da tuta, hannuna ya kai ga usur da kansa zan kore shi, na tuna na fashe da dariya ni kaɗai. Mun ɗauki shida yau. Shida masu kyau, in na ce masu kyau na san abin da nake faɗa.

An sa tsofaffin yaranmu ma sun buga da baƙin. Minti ashirin na farko Ubaidu ya yi abin da ya saba. Ya yanke mutum uku a wurin da bai fi tabarma ba, 'yan kallo suka ɗauki tafi, na dubi Koci in ga ko ya gani. Ya gani. Sauran lokacin ban lura sosai ba, ina can ina duba masu tsaron gida.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan la'asar

An sallami goma sha biyu. Koci ya ce ni zan karanta sunayen tunda ni na kawo su. Na karanta. Wani ya ce mini, “Oga Maliki, kai fa ka ce ni ne gaba.” Na ce haka na ce. Wani ya cire jesi ya ninke ya ajiye a kan benci, ya fita da singileti.

Ba sunan Ubaidu. Rakiya ta yi dambun shinkafa, har da zogale da soyayyen ƙwai.

Laraba, 16 ga Yuli, da safe

Ruwa tun asuba. An fasa atisaye.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Na samo shi. Bari in bi a hankali.

Shehu direba ne ya ce mini akwai wani ɗan dako a Babbar Kasuwa da yake buga wa 'yan dako baya in suna karawa da 'yan keke, wai tun da ya zo ba wanda ya ci su da ka. Na je layin 'yan shinkafa na tarar ana sauke tirela. Ban tambayi kowa ba, na gane shi. Yana ɗauke da buhu a ka, wani ya jefo masa ledar ruwa daga kan mota, ya ɗan ɗaga a kan yatsun ƙafa ya cafe, buhun ko motsi bai yi ba. Wuyansa kamar turmi.

Sunansa Ila, mutumin Zamfara, shekararsa ashirin da ɗaya. Ya ce ya ɗan buga wa wata ƙaramar ƙungiya a Gusau kafin abin da ya taso da su daga gida. Ban tambaye shi abin ba, bai faɗa ba.

Na ce, “Za ka zo gwaji ran Asabar?”

Ya ce, “Malam, ni fa ban iya wanga yanka da kuka yi ba. In ta taho sama dai ina kai mata kai, in ta taho ƙasa in kore ta.”

Na ce abin da muke nema ke nan, masu yanka muna da su har mun rasa inda za mu zuba.

“To sai in mota ba ta shigo ba. In ta shigo sai na sauke.”

Na je na sami shugaban 'yan dakon na roƙe shi arziki, ya ce zai sake shi har azahar. Na dawo gida a ƙafa ban sani ba, sai da na ga gadar unguwarmu na tuna a kasuwa na bar babur.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan azahar

Goma sha biyar aka ɗago, goma sha huɗu Ila ya kora da ka. Ta sha biyar ɗin Nazifi ne ya riga shi, shi ma da suka yi karo sai da aka yayyafa wa Nazifi ruwa. In ya tashi sama sai ka ga sauran sun tsaya suna kallon ƙugunsa. Koci ya cire tef ya auna shi sau biyu.

To amma in ƙwallo ta zo ƙasa, sai addu'a. Ya tare ta ta gudu taku biyar. Ya ba da fasin ta fita titi, wani mai keke ya dawo mana da ita. Ubaidu ya wuce da ita ta tsakanin ƙafafunsa sau biyu, yara suna ihu. A na uku Ila ya haɗe ƙafafunsa ya tsaya cak, Ubaidu ya zo ya buge shi ya faɗi zaune, ƙwallo ta tsaya a gaban Ila kamar an ajiye masa. Ya miƙa hannu ya ɗaga shi ya ce, “Yi haƙuri, ɗan'uwa.” Yau na fara ganin haƙoran Koci.

Ya ce mini, “Ɗanye ne shar. Amma ɗanye ana dafa shi.” Ya ce ya riƙa zuwa atisaye, bai yi alkawarin komai ba.

Idona bai taɓa yaudarata ba. A rubuta a ajiye.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan magariba

Ubaidu ya zo cin tuwo kamar kowace Lahadi. Goshinsa ya yi ja. Na tambaya, ya ce ya ɗaure ƙwallo da igiya a reshen darbejiyar gidansu, kullum da safe sai ya yi tsalle ɗari yana sa mata kai. Baba yana zaune a baranda yana ƙirga masa.

Ya ce, “Yaya, yaya ake ciki ne? Koci ba ya kallona in muna atisaye.”

Na ce haka yake, ba ya kallon kowa, kar ya damu.

Rakiya tana zuba miya ta ɗago ta dube ni. Na ƙara yaji na ba su labarin yadda Ila ya aika ƙwallo titi, har Ubaidu ya ƙware don dariya.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

An sallami takwas. Ni na karanta. Ba sunan Ubaidu.

Sababbi sun kai goma sha bakwai. Akwai wani ɗan gefe daga Kafanchan da in ya ɗago ƙwallo sai ka ji tana kuka a iska, akwai mai tsaron gida da hannunsa yake taɓa sandar sama yana tsaye. In na shiga fili da safe yanzu sai in ji kamar ba ƙungiyarmu ba, kamar an aro mana ta wasu. Ina son su. Ban san ana son mutane da sauri haka ba.

Alhamis, 24 ga Yuli, da hantsi

Koci ya kira ni bayan atisaye, ya miƙo mini takarda. Sunaye ashirin da huɗu, tsofaffi bakwai, sababbi sha bakwai. Layi na ashirin da biyar ba kowa.

Ya ce, “Mutum biyu suka rage, surukinka da ɗan kasuwarka. Ɗaya ya gama nuna abin da zai iya, ɗaya bai fara ba. In ka sa Ubaidu ba zan yi faɗa ba, zai zauna a benci, in muna cin biyu in sa shi minti goma ya faranta wa 'yan kallo. In ka sa Ila, wataƙila nan da shekara biyu mu sami ɗan baya, wataƙila mu sami ɗan dako mai jesi.”

Na ce shi ne koci, ya zaɓa.

“A'a. Kai ne mai ido. Shugaba ma ya ce hannunka yake so ya gani a ƙasan takardar nan.”

Na ninke ta na sa a aljihu. Har yanzu tana nan, saura kwana takwas.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan masallaci

Na je Malali gaida Baba. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya yi maganar tsadar taki. Da zan tashi ya ce, “Maliki, abokan karatun Ubaidu biyu sun zo gaishe ni jiya, ɗaya yana ma'aikatar filaye.” Ya sa aka ba ni goba a leda.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan magariba

Wasan gwaji na farko, da wata ƙungiya daga Zariya. Biyu da nema! Muryata ta dishe, da ƙyar na yi wa mai shayi magana.

Ta farko ɗan Kafanchan ne ya ɗago daga tuta, sabon ɗan gabanmu ya tashi ya narka ta da ka. Ƙwallon ka, a ragar wasu, Walƙiya ce ta ci. Shehu direba ya kama ni muna tsalle kamar yara, hularsa ta faɗa cikin taɓo. Magoya bayanmu da suka zo, waɗansu ma na gane fuskokinsu daga waccan Lahadin, yau su ne suke kiran sunana suna ɗaga mini babban yatsa. Na ɗaga musu ni ma, me zan yi.

An sa Ila bayan hutun rabin lokaci. Bugun kwana bakwai suka samu, bakwai ɗin a goshinsa suka ƙare. Ya ba da fasin ɗaya ga abokin hamayya, sai ya juya ya bi mutumin taku talatin ya ƙwace abarsa. Da aka tashi ya zo ya ce mini, “Malam, hilin ga da faɗi shike.” Ko haki ba ya yi.

Ubaidu ya buga rabin farko. An yi ruwa kafin wasa, fili ya yi nauyi. An yi ruwa sosai.

Litinin, 28 ga Yuli, da safe

Ina neman biro na ci karo da littafina na shekara uku da suka wuce. Akwai abin da na rubuta game da Ubaidu a ciki, da hannuna, bayan wani wasa da muka buga a waje. Layi uku ne. Na karanta na mayar ƙasan akwati. Ba zan kwafo shi nan ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo ina ba Rakiya labarin atisaye, yadda Koci ya sa Ila yana buga ƙwallo a jikin bango yana tarewa, ɗari biyu da dama ɗari biyu da hagu, har ya fara tsayar da ita a taku biyu maimakon biyar. Ina cikin nuna mata da ƙafa ta ajiye tsintsiya.

Ta ce, “Baban Samira, takardar da take aljihun rigarka na gan ta da zan yi wanki.”

Na ce ai ba a gama ba.

“Ni ban ce ka sa shi ba. Aikinka ne, ban san shi ba. Abu ɗaya nake roƙonka, ka daina ce masa kar ya damu.”

Ta ɗauki tsintsiyarta. Na zauna a kan turmi har aka kira magariba, ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji a gidana ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan azahar

Na cike layin. Na sa hannu, na kai wa Koci, ya duba ya gyaɗa kai ya sa a fayil.

Daga ofis kasuwa na wuce. Na san ba can ya kamata in fara zuwa ba, amma can ƙafata ta ɗauke ni. Na sami Ila yana cin garau-garau a inuwar tirela. Da na gaya masa sai ya ajiye cokali ya ce, “Mi? Ni?” Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. 'Yan dako suka taru suka ɗaga shi sama, su huɗu, da ƙyar. Wata mai abinci ta rangaɗa guɗa. Shugabansu ya ce ranar wasan farko sai sun rufe layin shinkafa sun zo kallo. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Ya ce, “To in bar wa wani kurata ta dako ke nan?”

Bakina ya riga ya ɗauko maganar da na saba, cewa shi da dako har abada, nan da shekara biyu sai Turai. Na haɗiye ta. Na ce ya ba wani aro dai, kar ya sayar tukuna.

Gobe Koci zai liƙa sunaye a bango da ƙarfe goma. Dole in riga bangon.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan azahar

Na je fili tun bakwai. Na san Ubaidu yake riga kowa zuwa. Na same shi a kan benci yana ɗaura takalmi, ya gama na hagu yana kan na dama. Ya ce, “Yaya, yau kai ne da sassafe?” Na zauna kusa da shi. Na shirya magana mai tsawo a hanya, ta ƙungiya, ta sake gini, ta taga. Da na dubi jan goshin nan sai duk ta watse. Na ce, “Ubaidu, babu sunanka. Ba Koci ba ne, ni na cike layin.”

Bai saki igiyar takalmin ba.

Ya ce, “Ila?”

Na ce shi.

“Ya cancanta.” Ya ja numfashi. “Ni ma na sani, Yaya. In aka wuce minti talatin a babban fili ƙafata ba ta zama tawa. Na ɗauka ni kaɗai na sani.” Sai ya juyo ya dube ni. “Kai tun yaushe ka sani?”

Da na ce tun zuwan Koci, da ya yarda. Da na ce tun waccan Lahadin, da ya yarda. Na ce, “Tun kakarka ta biyu. Na rubuta a littafina cewa gwanin ƙaramin fili ne, ba zai wuce inda yake ba.”

Ya ƙirga a yatsunsa, a hankali. Uku.

“A shekarar ne Poli suka aiko cewa in dawo ko su cire sunana. Na kawo maka takardar har gida.”

Na ce na tuna.

“Ka ce in rabu da su, kaka mai zuwa tawa ce.”

Na ce na tuna.

“Me ya sa?”

Na ce, “Don kai ne zaɓena na farko, wanda nake nuna wa kowa. In ka koma makaranta za a ce idon Maliki ne bai gani ba.”

Bai yi faɗa ba. Na so ya yi, na so ya zage ni a ji a titi. Ya kwance na dama, ya kwance na hagu, ya karkaɗe su ya sa a jaka, ya zura silifas. Yara sun fara shigowa ta ƙofa, Ila a gaba, yana ɗago mana hannu tun daga nesa. Ubaidu ya ɗaga masa. Ya rataya jakarsa ya miƙe, ya ɗan rusuna kamar yadda sauran da na sallama suka yi.

Ya ce, “To, Oga Maliki, na gode.”

Tun yana ɗan shekara tara yake ce mini Yaya.